Kawu Sale da Tsanin Toka

Talatar da ta wuce Kawu Sale mai hoto ya cika shekara biyar da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Waɗanda suka daɗe a Keffi za su tuna shagonsa na Angwan Iya, mai koriyar ƙofa, da labulen nan mai zanen teku da jirgin ruwa wanda rabin unguwa suka taɓa tsayawa gabansa ranar sallah ko kirsimeti. Shagon yana nan, mabuɗinsa kuma yana jakata. A cikin shekara biyar ɗin nan ban taɓa kwana uku a jere a wajen garin nan ba. Dalilin hakan nake so in rubuta, domin ban iya faɗinsa da baki ba. Ni mai nauyin baki ce, ko a aji sai malami ya kira sunana sau biyu kafin murya ta fito.

Kawu Sale ƙanen mahaifiyata ne. Shi da matarsa Inna Asabe Allah bai ba su haihuwa ba, sai aka ba su riƙona ina da shekara shida. Shi ya laƙaba mini Malama, saboda ko ƙosai aka aike ni saye sai na karance jaridar da aka naɗo shi a ciki kafin in miƙa. Bayan makaranta yara suna wasa a layi, ni ina ƙarƙashin teburin shago da littafi. Daga nan ƙarƙashin teburin na koyi yawancin abin da na sani game da shi.

Shekara kusan talatin ya yi yana wanke hoto a ɗakin duhu. Da fim da ruwan wanki suka yi wuyar samu, abokan sana'arsa suka koma hoto mai kala, wasu suka koma sayar da waya. Shi kuwa ya je Abuja ya sayo tsohuwar firinta mai tawada, tsawonta ya kai rabin benci, tana shan tawada kala tara, uku daga ciki baƙi da toka mai duhu da toka mai haske. Hoton farko da ta fitar na wata tsohuwa ce daga Gangaren Tudu. Ya ɗaga shi a bakin ƙofa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malama, zo ki gani. Na ce a ba ni fari da baƙi, an shafa wa baiwar Allah miyar kuka." Gaskiya ya faɗa. Hoton ya yi kore-kore, kumatunta da wuyanta da inuwar ɗankwalinta duk sun haɗe sun zama dunƙulen duhu ɗaya.

A ranar ya faɗi maganar da ya riƙa maimaitawa har ƙarshen rayuwarsa. Ya ce waɗanda suka ƙera injin nan ba su da mu a ransu lokacin da suke saita shi. Fuskar mai hasken fata tana zaune ne a ɓangaren toka mai haske, inda injin yake da ladabi. Tamu fuskar tana can ɓangaren duhu, inda yake kwarara tawada ba lissafi. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu magana. Kawu ya ce to idan inji ya shafe fuskar, wa za a tambaya?

Maganin da ya samo shi ne abin da ya kira tsanin toka. Zane ne siriri mai matakala ashirin da ɗaya. Ta farko farar takarda ce zalla, ta ƙarshe baƙi ƙirin, tsakaninsu toka tana ƙara duhu kaɗan-kaɗan. Idan inji ya saitu, kowace matakala za ta bambanta da maƙwabciyarta daidai gwargwado, ido ya hau tsanin ba tuntuɓe. Idan bai saitu ba, sai ka ga ta goma sha bakwai da ta sha takwas da ta sha tara sun manne da juna, ko kuma an yi tsalle daga haske zuwa duhu. A kwamfuta akwai wani layi mai ɗigo ashirin da ɗaya, kowane ɗigo yana gaya wa injin yawan tawadar da zai zuba a matakalarsa. Aikin shi ne ka buga tsanin, ka duba, ka rage nan ka ƙara can, ka sake bugawa.

Da sauƙin faɗa. Sai dai ba a duba tsani ranar da aka buga shi, domin tawada tana sauya fuska idan ta bushe. Sai ya kwana. Ba a kuma duba shi a ƙarƙashin ƙwan lantarki, don ƙwai maƙaryaci ne, yana mai da toka kore. Kawu yana duba nasa ne da hantsi, a bakin ƙofa ta ɓangaren inuwa, da farin kwali mai ɗan rami wanda yake rufe sauran matakalu da shi don ido ya ga biyu kawai. Daga nan ya ɗora a sikana, na'urar da ke kwafe takarda zuwa kwamfuta, ya karanta lambobi, ya kwatanta da abin da idonsa ya gaya masa, ya rubuta a wani littafi mai jan bango da fensir ɗaure da zare. Gyara ɗaya, kwana ɗaya. Wani lokaci sati biyu yake yi a kan matakala uku. Inna takan ce, "Mutane na hawa tsani su gyara jinka, kai naka tsanin ina yake kai ka?" Ya ce, "Goshinki yake kai ni, Asabe, yana matakala ta sha takwas."

Da ya gama, hotunansa suka zama abin zuwa kallo. Ka ga tsoho baƙi sitik, amma kana ganin tsagar kumatunsa, da zufar da ke gefen hancinsa, da inda hula ta bar alama. Daga Garaku ake kawo masa tsofaffin hotunan iyaye ya sabunta, Musulmi da Kirista.

Injin yana da doka ɗaya. Tawada tana fitowa ne ta wasu ramuka da suka fi gashi siranta, a wani sashe da ake kira kan injin. Idan aka bar shi kwanaki ba aiki, tawadar ta bushe a ciki, ramukan su toshe, hoto ya riƙa fitowa layi-layi. Idan toshewar ta yi nisa kuwa, kan ya mutu ke nan, kuma na irin wannan tsohon injin ba a samunsa. Saboda haka duk bayan kwana uku sai an kunna shi an buga shafin gwaji, ko da ciniki ko babu. Kawu yakan ce inji kamar rijiya ne, ɗiba ke raya ta.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Ya faɗi a shago bayan la'asar, ya yi kwana huɗu a asibiti. A rana ta uku bakinsa ya ɗan saki, ya kalle ni ya ce, "Malama, yau kwana nawa?" Na gane ba kwanan asibiti yake tambaya ba. Na ce uku. Ya ce, "To, me kike yi a nan? Kada ki bari ya bushe." Na hau babur na je na buga shafin gwaji, na dawo na nuna masa layukan duk sun cika. Ya lumshe ido. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Ina da shekara goma sha bakwai.

Da aka zo rabon gado babu wanda ya so injin, 'yan'uwansa suka bar wa Inna shagon da abin da ke ciki. Bayan ta fita takaba ta nemi abu ɗaya. Mutumin da ya ɗauki hoton rabin gari bai bar nasa ba, sai ɗan ƙarami na katin shaida. Guda ɗaya tak ke akwai na kirki, wanda ni na ɗauka da kyamararsa ina koyo, yana tsaye a ƙofar shago, rana a bayansa, fuskarsa duk a inuwa, yana dariya don na riƙe kyamarar a karkace. A kwamfuta ana ganin komai, har giɓin haƙorinsa. Inna ta ce, "Ki fitar mini da shi babba, irin nasa, in rataya." Na ce to, ba zan je ko'ina ba sai na fitar. Ban san nauyin abin da na faɗa ba.

Lokacin ban iya bugun babban hoto ba, sai da na yi wata takwas ina karatu da gwaji a takarda mai arha. Kafin in shirya, tawadar da Kawu ya bari ta ƙare a gwaje-gwajen kwana uku. Irinta ta ɓace a kasuwa, na sayo wata da mai shago ya rantse mini duk ɗaya ne. Na buɗe littafi mai jan bango, na je shafin ƙarshe da ya rubuta, na tabbatar lambobin kwamfuta sun yi daidai da nasa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauko takardarsa ta musamman, mai kauri, marar sheƙi, wadda ya bari fakiti biyu. Na buga. Ƙofa ta fito, hula ta fito, rigar ta fito har da zaren aljihu. Inda fuska take, duhu ne kawai da fararen haƙora.

Na ce laifina ne. Na goge kan injin, na daidaita tafiyarsa, na sake bugawa. Na ce damshin damina ne, na jira rani. Na ce zafi ne, na jira damina. Na haskaka hoton a kwamfuta, fuskar ta fito fari-fat kamar an barbaɗa mata toka, ba shi ba ne. Duk wanda ya lalace sai in kai gida in jingina bayan ƙofa, in ce wa Inna saura kaɗan. Abu ɗaya ne ban taɓa ba, lambobin shafin ƙarshe. Hularsa tana kan ƙusa inda ya rataye ta, kujerarsa Inna ta hana a matsar, ni ma na mai da lambobin nan cikin irin waɗannan kaya. Na karanta a wurare da yawa cewa sabuwar tawada tana son sabon saiti. Na sani sarai. Amma wace ce ni da zan sa magogi a kan rubutun Kawu?

Haka injin ya zama turke, ni kuma akuya. Na samu gurbin karatu a wata jami'a mai nisa, a fannin da nake so, na ce wa mahaifiyata tsoron hanya nake ji, na zauna a ta garinmu. Ƙawata ta yi aure a Gombe, na je ranar ɗaurin aure na kamo hanya washegari, har yau ba ta gama hucewa ba. Na rubuta jarabawa da baƙin tawada a farce. Idan an ɗauke wuta ranar da kwana uku suka cika, sai in je in roƙi mai aski ya ja mini waya daga janaretonsa, ni da ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci. Ciniki kuwa ya mutu tun shekarar farko, don ba na iya ce wa mutum ɗaga haɓa, yi murmushi. Ina buɗe shago ne kawai don in shayar da inji, in rufe.

Nakan zauna a kujerar baƙi in yi tunanin abin da zai ce da zamanin nan. Yanzu kowane ɗalibi a ajinmu yana da kyamara a aljihu wadda ta fi tasa, kuma wayar da kanta take wanke wa mutum fuska, ta haskaka shi, ta goge tabo da tsaga ba a tambaye ta ba. Kwanan baya wata 'yar ajinmu ta nuna mini hoton kakarta da aka sabunta a waya. An ba tsohuwar sabon hanci da fatar jariri. Ta ce, "Ba ta yi kyau ba?" Na ce ta yi. Da Kawu ne zai ce, "Ta yi kyau, amma kakar wa ce?" Ban tsammanin zai zagi wayar, shi da ya bar ɗakin duhu ya rungumi inji yana da furfura. Zai saya ne, ya yi sati biyu yana neman inda ake kashe mata wannan rawar kai.

Bana abubuwa uku suka taru a kaina. Na gama jarabawar ƙarshe, nan da 'yan watanni za a tura mu bautar ƙasa, shekara guda, inda Allah ya kai mutum. Yana ta fara rufe idon Inna, da rana ma sai ta kawo abu kusa da hanci, kuma tana tsoron aikin asibiti. Na buɗe fakitin takardar Kawu na ƙirga, saura shida. Gaba kura, baya sayaki. Idan na ci gaba da bugawa yadda nake yi, shida za su bi 'yan'uwansu bayan ƙofa. Idan na tsaya, idon Inna ba zai tsaya ba. Na fara tambayar yadda ake neman a bar mutum ya yi bautar ƙasa a garinsu.

Ana cikin haka Baba Yohanna ya zo. Tsohon hedimasta ne daga Garaku, ɗan ƙabilar Mada, aminin Kawu tun suna samari. A ƙofar shagon nan suke dara, Kawu yana kiransa Hedimasta, shi yana kiran Kawu Mai Duhu. Duk shekara idan lokacin rasuwar ya kusa yakan zo gaida Inna da doya biyu. Bana ya same ni a shago, na baje takardun shida a tebur ina kallonsu kamar za su haihu.

"Malama, har yanzu Mai Duhu bai fito ba?"

Na ce, "Bai fito ba, Baba."

"Da ransa ma haka yake, sai an yi ta kira. Ba ni littafin."

Ya sa tabarau, ya lashi yatsa, ya fara daga shafin farko yadda ake duba littafin ɗalibi. Ni a wurina shafukan baya hanya ce kawai da Kawu ya bi har ya iso ga amsa, amsar kuma ita ce shafin ƙarshe. Baba Yohanna ya riƙa karanta kan kowane shafi da ƙarfi. "Damina, sabuwar tawada. Rani. Sabon fakiti. Damina kuma." Ya sa yatsa a matakala ta goma sha takwas, ya bi ta shafi bayan shafi. Lambar tana hawa, tana sauka, tana sake hawa. Wani wurin takardar har ta yi laushi don gogewa.

"Wanne kike bi?"

Na nuna masa. Na ce shi ne na ƙarshe.

Ya cire tabarau. "'Yata, wannan ba shafin ƙarshe ba ne. Shafin da mutuwa ta same shi a kai ne. Da ta ƙara masa wata biyu, da ya goge shi." Ya ɗaga fensirin da zarensa. "Shekara talatin da biyar ina koyarwa, ban taɓa ganin wanda ya gama magana ya rubuta ta da fensir ba. Ke da aka ce kin fi kowa karatu a gidan nan! In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Kin sauya masa tawada kin bar shi da tsohuwar rawa."

Na ce, a hankali, "Rubutunsa ne, Baba."

"To kada ki goge. Littafin ya ƙare ne? Ga fararen shafuka nan ya bar miki, sun fi ashirin. Wa kike tsammani ya bar wa, ni?"

Na karɓi littafin daga hannunsa. Kunya ta hana ni kuka a gabansa, shi ma ya gane, ya juya yana yi wa labulen teku tsiya, wai jirgin nan shekara talatin bai isa gaɓa ba.

Matsalar ita ce ba a saita inji a wata takarda a buga a wata. Kowace takarda da yadda take shan tawada. Dole gwajin ya ci daga cikin shidan nan. Na auna da rula, na yanka huɗu, kowace gida huɗu, na samu sirara goma sha shida, na bar biyu cikakku. Na buɗe sabon shafi, na rubuta a sama yadda yake yi: damina, tawada ta uku, hannun Malama.

Tsanin farko da na buga ya nuna mini abin da na ƙi gani shekara huɗu. Washegari da hantsi na tsaya a bakin ƙofa da farin kwalinsa mai rami. Daga matakala ta goma sha shida har ta ashirin da ɗaya abu ɗaya ne, baƙi. Sabuwar tawadar ta fi tasa nauyi, lambobinsa kuma suna ta ce mata ƙara. Duk fuskar Kawu tana cikin matakalu shidan nan, na binne ta da hannuna sau fiye da casa'in. Na rage, na buga, na jira kwana. Ta sha shida ta rabu. Na rage kuma. Ta sha bakwai ta fito, amma tsakiyar tsanin ta yi fari, sai na koma na ƙara a can. A rana ta shida toka ta ɗauki ɗan ja-ja, na gano tawadar toka mai haske tana shiga da wuri, na ja ta baya. A rana ta tara na yi ganganci na gyara wuri uku lokaci ɗaya don sauri, komai ya rikice, na rasa wanne ya ɓata, na yi asarar sirara biyu kafin in dawo inda nake. Sannu ba ta hana zuwa. A siriri na goma sha huɗu na hau tsanin da ido tun daga fari har baƙi, ban yi tuntuɓe ba. Na ƙirga da yatsa, ashirin da ɗaya.

Na sa cikakkiyar takarda. Injin yana fitar da hoto ne daga sama, layi bayan layi, don haka hula ce ta fara fitowa, sai goshi. Da na ga tabon sallah a goshin, toka a kan toka, sai na fita waje na tsaya wajen mai gyaran agogo har injin ya yi shiru. Ban duba ba. Na kife kwali a kai, na bar shi ya kwana, yadda aka koya mini.

Da hantsi na kai wa Inna a tsakar gida. Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta kawo shi kusa da fuska, ta bi shi daga hula zuwa gemu. Ga giɓin, ga ƙananan layukan gefen ido, ga inda reza ta taɓa yankarsa a haɓa. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Ja'iri. Dariyar me yake yi?" Na ce kyamara na riƙe a karkace. Ta ce, "Haka ne, na tuna."

Ta shiga ɗaki ta ɗaga katifa. Duk waɗanda na jingina bayan ƙofa, waɗanda nake zaton ta hura wuta da su, suna nan a jere cikin tsohon zani. Ta ce, "Ni tun na farko na gane shi, ta kafaɗa. Na so in ce miki ya isa, sai na ga kin ɗaure fuska irin tasa, na ce bari in ƙyale jinin Sale ya gama abinsa. Ban san zai ci miki shekara biyar ba. Wannan laifina ne." Na ce ba laifinta ba ne. Ta ce in rufe mata baki. Sannan ta tambaye ni saura takarda nawa. Na ce ɗaya.

"To ɗauko kyamarar. Ki ɗauke ni nan inda nake, ki buga a kanta, ki tafi da ni duk inda za su tura ki. Kuma kada ki yi mini fari, goshina yana sha takwas."

Na ɗauke ta a ranar, zaune kan tabarma, hoton Kawu a cinyarta. Baba Yohanna kuma ya yi magana da 'yarsa Rifkatu, mai shagon buga katin biki da kalanda a Gangaren Tudu. Ta ce tana son injin, a wurinta kullum zai yi aiki, kuma in zo in koya mata tsanin. Ta ce duk ranar da na shirya in kira ta, ta turo mai keke.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan hoton Inna yana cikin kwamfuta, ban buga ba, ban kuma kira Rifkatu ba. Sau uku na je na shayar da injin da takarda mai arha na rufe shago. Ashe wanda ya daɗe a turke, ko an kwance igiya sai ya ci gaba da zagaya wurin. Na san ranar da takardar nan ta shiga inji ba ni da sauran hujja, sai ni da hanya da mutanen da ban sani ba, waɗanda dole in buɗe baki in yi musu magana.

Idan na auna abin da ya rage na Kawu Sale, ba na sa lambobinsa a ciki, sun yi zamaninsu tare da tawadarsu. Injin ma wata rana kansa zai toshe, ko a hannuna ko a hannun wata. Abin da na ga ya rage shi ne hotunan da ke rataye a ɗakuna daga Angwan Iya har Garaku, inda jikoki ke ganin kakanninsu da fatarsu ta gaskiya. Sai kuma wannan ɗabi'a tasa ta tsayawa a bakin ƙofa yana kallon wuri mai duhu har sai ya ga abin da ke ciki, da fensir a hannu don ya san gobe zai iya gyarawa. Na yi shekara biyar ina tsaron abin da ya rubuta, alhali fararen shafukan ne gadona.

Gobe kwana uku ke cika, dole in kunna injin. Ɗazu da la'asar na biya shagon, na kwashe takardu masu arha daga bakin injin na kai wa mai ƙosai. Na share ƙurar tiren da injin ke jan takarda daga kansa, na ɗora takardar Kawu ta ƙarshe, na daidaita gefenta. Babu wata a shagon sai ita. Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya kai haske kabarinsa, mu kuma ya ba mu ikon tashi idan an sallame mu.